Bencin riyal dubu 40 da aka hana ni zama a kai

Kafinta_Sawarik:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambaya, don Allah kada a yi mini dariya. Ni kafinta ne, shekarata 14 ina wannan sana'a a Jidda, kafin nan kuma na yi shekara 9 a gaban maigidana a Kano. Ranar Alhamis aka tura ni wani gidan baje kolin zane a arewacin gari, in auna bango za a yi musu shinge na katako. Ina cikin awo ƙafata ta gaji, na hango wani benci a tsakar ɗakin, na nufe shi. Ban kai ga zama ba wata yarinya ma'aikaciyar wurin ta taso a guje tana "La, la, ya ammi!", wato "A'a, a'a, kawu!" Ashe yana cikin kayan da ake nunawa. Na leƙa 'yar takardar da ke gefensa: riyal dubu 40.

Na tsaya na ƙare masa kallo. Gungume guda ne aka fafe, aka babbake bayansa ya yi baƙi ƙirin, aka goge shi sumul, aka sa masa ƙafa uku ta tagulla. Aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Amma a ba ni itacen da mako biyu, zan fitar da irinsa. Ni kuwa majalisi cikakke, wato kujerun falo masu zagaye ɗaki, da sosonsa da yadinsa, sai an sha ja-in-ja kafin a ba ni dubu 4.

Abin da nake son sani: abin da aka hana zama a kansa, kujera ce ko mene ne? Sannan me suke sayarwa wanda ni ba ni da shi?

Dan_Misfala:
Wa alaikumus salam. Ai da ka yi maza ka zauna kafin ta iso. Ko ba komai ka samu labarin ba jikoki.

Hajiya_Ummu_Walid:
Ƙanena, abin nan da ya ba ka mamaki a ɗakin uwayenmu muka taso muka gan shi. Innarmu tana da jere tun daga ƙasa har rufi, kwalla da samiru da tasoshi, ko wanne an goge shi yana walƙiya. Tunda nake ban taɓa ganin an zuba tuwo a ko ɗaya ba. Ka taɓa ma ka sha dundu. To kwano ne ko ba kwano ba? Kwano ne mana, sai dai aikinsa ba cin abinci ba ne, aikinsa duk wadda ta shigo ta san 'yar gidan wa aka kawo. Masu kuɗin nan ma jerensu suke yi, nasu dai da benci.

Zainab_Tasmim:
Kawu Kafinta, ni ɗaliba ce a fannin tsara kayan ɗaki a nan Jidda, bari in ɗan sa baki. Hana ka zama da aka yi don ba a sayar da shi ba tukuna ne. Wanda ya biya, ko barci ya ga dama ya yi a kai. Irin waɗannan kaya suna tsakanin abu biyu, rabi sassaƙa ce ta kallo, rabi kayan amfani. Kuma ba a yinsu da yawa. Mai zayyanar zai ce guda 8 kawai zan yi, ya sa wa kowanne lamba da sa hannunsa, daga nan an rufe.

Dubu 40 ɗin ma kuɗin shayi ne a wannan kasuwa. Akwai wani ɗan Ostareliya, Marc Newson, ya yi wata doguwar kujerar kishingiɗa da ya lulluɓe da ƙananan fallayen alminiyam masu ƙusoshi kamar jikin jirgin sama, sunanta Lockheed Lounge. A 2015 an yi gwanjon guda ɗaya a Landan a kan sama da fam miliyan 2. Kujerar wata mai zayyana, Eileen Gray, kuwa, wadda ke cikin kayan mai zayyana tufafin nan Yves Saint Laurent da aka yi gwanjonsu a Paris a 2009, ta kai kusan Yuro miliyan 22. Kujera ɗaya tak, ta fata, tsohuwa.

Bakano_a_Riyad:
To kin ba shi amsa da bakinki ai. Ba kujera ake saye ba, wurin ɓoye kuɗi ake saye. Yau ka saya miliyan ɗaya, ka kulle a sito, bayan shekara biyar ka fitar ka sayar miliyan uku. Kamar masu sayen fili a bayan gari ne da ba su da niyyar gini. Malam Kafinta, abin da suke da shi wanda ba ka da shi shi ne abokai masu kuɗi da iya Turanci. Shi ke nan.

Zainab_Tasmim:
Yaya Bakano, akwai ƙamshin gaskiya a maganarka, amma ba duka ba. In abokai ne kawai, me ya sa ba kowane ɗan mai kuɗi da ya buɗe shago ake sayen nasa ba? Da yawa sun buɗe sun rufe.

Usta_Sani_Madina:
Ɗan'uwa Kafinta, sana'armu ɗaya, don haka zan gaya maka abin da wasu ba za su lura da shi ba. Maganar mako biyun nan janye ta. Fafewa da gogewa, na yarda, mako biyu ya isa. Amma gungumen fa? Ka san ƙa'idar da aka koya mana, kaurin inci ɗaya shekara ɗaya yake so ya bushe a inuwa. Gungumen da za a zauna a kai inci nawa ne? In ka fafe shi da ɗanyensa ka kai shi gida mai mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, dare da rana, kafin wata uku za ka ji ƙara da tsakar dare kamar an harba bindiga, ka tashi ka tarar ya tsage gida biyu. Ya taɓa faruwa da ni a kan wani teburi, sai da na mayar wa mutumin kuɗinsa, ga kunya. Balle Jidda da iskarta ke cike da danshin teku, a waje itace ya sha ruwa ya kumbura, a ciki sanyi ya tsotse shi.

Wanda ya yi bencin nan ko dai ya ajiye itacen shekaru yana biyan hayar wurin, ko ya biya an gasa masa a tanderun busar da katako. Kuma Allah kaɗai ya san guda nawa suka fashe kafin wannan ya tsira. Ban ce ya kai dubu 40 ba. Na ce dai ba aikin mako biyu ba ne.

Kafinta_Sawarik:
Usta, ka kama ni. Wallahi ban kawo maganar bushewa a raina ba, don mu yanzu katakon zan da na suwedi muke saya a yanke, a bushe, sauran kuma duk MDF ne, allon garin katako da aka matse. Rabon da in riƙe gizago tun ina yaro a gida. Na janye mako biyu.

Dan_Maiwurno:
Salamu alaikum. Ni daga Sudan nake, mutumin Maiwurno a bakin Shuɗin Nilu, yanzu ina Jidda tun bayan da yaƙi ya tashi a Afrilun 2023. Ina karanta ku ina tuna angareb. Wanda bai sani ba, gado ne na itace mai ƙafa huɗu da ake saƙa cikinsa da igiyar kaba ko ta fata, ƙaraminsa na zama kuma shi ne bambar. Itacen da aka fi so shi ne sunut, wato bagaruwa, don ƙarfinsa. A kansa ake haihuwa, a kansa ake zaunar da ango da amarya ranar jirtik an shimfiɗa jan yadi, a kansa kuma ake ɗaukar mutum zuwa makwancinsa. Ku gaya mini wane benci ne a duniya yake da labarin da ya kai wannan.

Kuma ba jiya aka fara ba. A Karma, can arewacin Sudan, masu tonon tarihi sun tarar da mutanen da aka binne a kan irin wannan gado shekara wajen 3,500 da suka wuce, ƙafafun an sassaƙa su kamar ƙafar sa, an yi wa allon ado da hauren giwa. Wasu suna gidan tarihi a Boston ta Amurka yanzu, a bayan gilashi. Can ma ba a zama.

A kasuwar Omdurman kafin yaƙi, angareb kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Mai yinsa yana zaune a ƙasa, ba wanda ya san sunansa. Amma na tabbata ranar da wani mai digiri zai ɗauke shi ya canja masa igiya zuwa mai launi ya kai Dubai, za ku ji kuɗin da zai kira.

Baba_Jarwal:
Ɗana na Maiwurno, Allah ya kawo muku zaman lafiya a ƙasarku. Abin da ka kwatanta muna da ɗan'uwansa a nan Hijaz, mirkaz. Ni a Makka aka haife ni, na kuma ga lokacin da kowace unguwa take da mirkaz a ƙofar gidan umda, wato mai unguwa, dattawa su hau bayan la'asar, a kawo shayi, a sasanta rigima, a ɗaura maganar aure. Dogo ne, sai ka ɗan yi tsalle ka hau, ƙafarka tana lilo, iska tana ratsa igiyar ta ƙasa. A gidajen gahawa na hanyar Jidda matafiya a kansa suke kwana. Ba wanda ya kira shi fasaha a lokacin. Yanzu jikata ta kai ni wani wurin shan gahawa a Balad, tsohon garin Jidda, na ga sun jera su, yara suna ta ɗaukar hoto a kai.

Ummu_Rayyan:
Baba, ba shi ne karawita ba? Kakata haka take kiran nata.

Baba_Jarwal:
A'a 'yata, da bambanci. Karawita ta cikin gida ce, katako ce da ake ɗora mata katifa da matasai a jingina da bango, a rufe da yadi mai kyau. Mirkaz na waje ne, na maza, igiya tsirararta. Kakarki ta yi daidai, nata karawita ce.

Tunda an zo nan, Kafinta, in kana son ka ga aikin da ya fi bencinka, shiga Balad ka ɗaga kai ka kalli rawashin, tagogin katakon nan da suka turo kan titi. Dubi Baitu Nasif kaɗai. Katakon saj ne, wato tik, da jiragen ruwa suke kawowa daga Indiya da Jawa. Sarƙaƙƙen ramukan nan da ake kira mangur, sanda-sanda ake yanka su a harɗe su cikin juna. Mace tana ciki tana ganin titi, na titi ba ya ganinta, iska na shiga, rana ba ta shiga, a ajiye tulun ruwa a wurin ya yi sanyi. Ga kyau ga aiki. Su ne ma suka taimaka aka sa Balad cikin wuraren tarihi na UNESCO a 2014.

Abu_Hafsa:
Ina da ɗan tsokaci ta fuskar addini, don na ga 'yarmu Zainab ta ambaci sassaƙa. A kula da bambanci. Benci ko teburi, komai ƙawarsa, ba laifi. Mimbarin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kafinta ne ya yi shi, bawan wata mata Ba'ansariya, da itacen dajin Gaba da ke kusa da Madina, mai hawa uku. Sana'a ce mai asali. Inda matsala take shi ne surar abu mai rai. Wani mai sana'ar zane ya zo wa Ibn Abbas, ya ce masa in ba makawa sai ka yi, to ka yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Sai kuma almubazzaranci, wanda shi ma abin dubawa ne ga mai saye.

Zainab_Tasmim:
Na gode Malam. Akwai irin wanda kake nufi kuwa. Wani Bafaranshe, François-Xavier Lalanne, kujerunsa tumaki ne sak, da gashinsu da ƙafafunsu, a kan bayansu ake zama. Yana da teburin rubutu da ya yi a siffar karkanda, a buɗe cikinta a yi rubutu, an sayar da na farkon a Paris a 2023 sama da Yuro miliyan 18. Amma yawancin masu yi a yankin nan lissafi da zanen geometiri suke bi. Nada Debs ta Lebanon, wadda ta tashi a Japan, da sadaf take aiki, ɓawon kumbar tekun nan mai sheƙi da mutanen Sham suke dasawa a katako, sai dai ta rage yawansa ta bar wa katakon fili. Aljoud Lootah ta Dubai kuma kujerarta kamar takarda aka naɗe, har wani gidan tarihi a Melbourne ya saya.

Dan_Misfala:
Tunkiyar da ba ta cin dusa ba ta haihuwa, ba a layya da ita, kuma ta fi garke tsada. Allah mun tuba.

Direban_Kurnish:
Ni duk wannan bai ba ni mamaki ba, don kullum a cikinsu nake yawo. Duk wanda ya yi tuƙi a Jidda ya san Dawwar Darraja, mahaɗar nan mai ƙaton keke. Wani ɗan Sifen ne ya yi shi, Julio Lafuente, zamanin magajin gari Muhammad Sa'id Farsi, wanda ya cika garin da irin waɗannan abubuwa a shekarun 1970 da 1980. Har na mashahuran masu sassaƙa na Turai, Henry Moore da Joan Miró, akwai a Kurnish, titin bakin teku. Keken nan ba mai hawansa, amma ka ce wa fasinja "bayan keke" ya gane, ka ce masa sunan titi ya tsaya yana kallonka. To ka ga ya yi aiki ke nan.

Bakano_a_Riyad:
Mun bar benci mun koma keke. A dawo kan tambayar bawan Allah.

Mai_Walda_Kilo14:
Bari in dawo da ku, don ni abin ya shafe ni kai tsaye. Shekara biyu da suka wuce wata mata mai zayyana ta riƙa zuwa warsharmu, wato shagon aikinmu. Ta kawo zane a kwamfuta, teburi mai ƙafafu kamar igiyar da aka murɗa. Zanen a ido ya yi kyau, amma da na duba na ce mata wannan ba zai tsaya ba, nauyin dutsen da za ki ɗora zai lanƙwasa shi. Ni na canja kaurin ƙarfen, ni na ɓoye wata ƙafa a ciki yadda ba a gani, na yi walda na goge har ba ka ganin wurin haɗi. Sau huɗu muna yi muna rushewa. An biya maigidana, ni ma an ba ni ɗan ihsani, ban ce an cuce ni a kuɗi ba. Amma da aka kai shi baje koli wani yaronmu ya nuna mini hoton a Instagram, an rubuta sunanta, an rubuta sunan dutsen da garin da aka haƙo shi, har wanda ya ɗauki hoton an rubuta. Ni ko "wani mai walda" ba a ce ba. Dutse ya samu suna, ni ban samu ba.

Don haka Kafinta, kada ka yi mamaki in bencin nan wani irinmu ne ya fafe shi a wata warsha a Sina'iyya, unguwar masana'antu.

Hajiya_Ummu_Walid:
Kai, wannan ta taɓa ni. Allah ya saka maka, ɗana.

Zainab_Tasmim:
Kawu Mai Walda, ba zan kare ta ba, ya kamata ta ambace ka. A makaranta ma muna wannan gardamar. Amma in faɗi nawa ɓangaren, kada a ce mai zane ba ta yi komai ba. Kafin ta zo wurinka wataƙila ta yi wata shida tana zane tana yagawa. Ita ta sayi dutsen, ita ta biya sau huɗun da kuka rushe, ita ta biya wurin baje kolin, kuma gidan da ya sayar zai cire kasonsa mai tsoka. In ba a saya ba asararta ce ita kaɗai. Kuma shekara nawa kana walda, ka taɓa tunanin yin teburi mai ƙafar igiya kafin ta zo?

Mai_Walda_Kilo14:
Ban taɓa ba, gaskiya ce. Ita ma ba ta taɓa tunanin zai faɗi ba sai da na gaya mata. Ai shi ya sa na ce a rubuta biyu.

Injiniya_Dammam:
Abin da Mai Walda ya faɗa shi ne ainihin maganar a ganina. Amma akwai waɗanda suka yi suna da kansu da irin kayan warsha, kuma 'yan Afirka ne. Ousmane Mbaye na Dakar gyaran firji yake yi shekara da shekaru kafin ya fara yanka tsofaffin durom yana yin kujeru da kabad. Hamed Ouattara a Wagadugu shi ma durom ɗin mai yake bugewa, ya bar fentinsu da tsatsarsu yadda suke, kayansa suna zuwa Turai da Amurka. Cheick Diallo na Bamako zaren nailan yake saƙawa a kan ƙarfe, irin kujerar roba da ke ƙofar kowane gida a Sabon Gari, ya dai canja mata siffa. A Legas akwai Nifemi Marcus-Bello, wanda ya je masana'antar da ke yin akwatin janareta ya ce su lanƙwasa masa fallen ƙarfe ya zama kujera. Yinka Ilori kuma a Landan da tsofaffin kujerun da aka zubar ya fara, yana fente su yana ba kowace labari daga karin maganar Yarabawa.

Ba wanda ya kwaikwayi Italiya a cikinsu. Kowa abin ƙofar gidansu ya ɗauka. Mu kuwa da kujerar tsugunno, da tumtum na dukawan Kano, da zanen ƙwarya, da dagi, da akushi, mun bar su muna yi wa mutane kwafin kayan Dumyat ta Masar mai ruwan zinare.

Kafinta_Sawarik:
Injiniya, kwafin Dumyat shi ke biyan haya. Mai aurar da 'ya ba zai zo ya ce in yi masa kujerar tsugunno ba, hoto zai nuna mini a waya ya ce irin wannan, kuma kafin Sha'aban.

Bakano_a_Riyad:
Yauwa. Kuma waɗanda Injiniya ya lissafa, su waye suke saya? Turawa. Ranar da suka gaji da durom su koma wani abu. Ka je gidan ɗan Dakar mai kuɗi ka ga ko durom ne a falonsa.

Injiniya_Dammam:
Ko Bature ne ya saya, kuɗin a Dakar ake kashe shi, yaran Dakar ake koya wa aiki. Kuma a nan ƙasar ma kasuwar tana buɗewa. An kafa ma'aikatar al'adu a 2018, an buɗe cibiyar fasaha ta Hayy Jameel a Jidda a 2021, an yi baje kolin fasahar Musulunci a tashar alhazai ta filin jirgin Jidda a 2023 aka sake a 2025, shekarar 2025 ɗin ma sunan sana'ar hannu aka sa mata. Mu nan gabas cibiyar al'adu ta Ithra a Zahran tana shirya taron masu zayyana. Sababbin otal da ake ginawa a Ula da Dir'iyya ba kayan kwali za su zuba ba.

Ummu_Rayyan:
Ni ba ruwana da baje koli, amma ina da abin faɗa a kan kayan kwali. Lokacin rusau na Jidda a 2022 da muka tashi daga unguwarmu, ina da dolab, wato kabad, mai ƙofa shida da gado da madubi, saiti guda, ko shekara uku ba su yi ba. Masu kwancewa suna taɓawa ƙusoshin suka riƙa fita da garin katako. Da muka isa sabon gida ƙofa biyu kaɗai suka yarda suka hau. Na kai sauran haraj, kasuwar gwanjo, aka taya kuɗin da bai kai na motar da ta ɗauko su ba. Abin da ya iso lafiya lau shi ne 'yar kujerar tsugunno ta kakata, wadda ta zo da ita daga Katsina a zamanin da ake zuwa ta ƙasa a bi ta Sudan a hau jirgin ruwa a Sawakin. Itace guda ce, ba ƙusa ba gam. An ce ƙirya ce. Ta yi baƙi tana sheƙi saboda hannu da zama, gefe ɗaya ya ɗan side inda take jan ta. Ko dubu 40 aka ba ni ba zan sayar ba, kuma kullum a kanta nake yanka albasa.

Dan_Maiwurno:
Allahu akbar. Yaya, ta garinmu kakarki ta bi ke nan, ko kusa da shi. Da yawa daga kakanninmu a wannan hanyar suka tsaya ba su ƙarasa ba. Mu da muka fito ba mu ɗauko ko bambar ba.

Baba_Jarwal:
Ƙirya kuwa ko gara tana jin tsoronta, shi ya sa ake turmi da ita. 'Yata ki riƙe ta da kyau. Kada ki bari a shafa mata fenti.

Usta_Sani_Madina:
Kafinta, ga shawara in za ka ji. Kada ka bar majalisi, shi ne abincinka. Amma guntayen zan da kuke zubarwa a warsha, tara su. Manna su da gam mai kyau su zama dunƙule, ka ga ka huta da matsalar bushewa tunda busassu ne. Ka fafe kujerar tsugunno a ciki, ka bar layin haɗin ya fito, kada ka ɓoye shi da fenti, mai kawai za ka shafa. In ta yi kyau ka yi uku. Sai dai ka fara yi wa mai warsha magana, kada gobe a ce da kayansa da wutarsa ka yi. Maganar sayarwa da sunanka kuma ka san yadda takardu suke a ƙasar nan, ka bi ta hanyar da ba za ta jawo maka matsala ba.

Bakano_a_Riyad:
In ya yi ma wa zai saya? Mutanenmu za su ce kujerar tsugunno riyal 30 ce.

Zainab_Tasmim:
Ya yi tukuna mana, Yaya. Kawu, in ka gama ka turo hoto a nan. Kada ka ɗauka a cikin warsha da tarkace a baya, ka fitar da ita jikin farin bango da safe. Zan nuna wa malamarmu. Ban yi alkawarin komai ba.

Mai_Walda_Kilo14:
In kana son ƙafar ƙarfe ko tagulla ka zo Kilo 14 ka neme ni. Sharaɗi ɗaya, ka san shi.

Kafinta_Sawarik:
Jama'a na gode ƙwarai. Kwana tara ke nan, ga abin da ya faru. Na yi wa mai warsha magana ya ce guntaye dai in kwashe, dama kuɗi yake biya a zubar. Na bi shawarar Usta na manna, na fafe bayan an tashi aiki. Ta farko ta karkace, ƙafa ɗaya ba ta taɓa ƙasa. Ta biyu ta zauna daidai, layukan sun fito kamar saƙar tabarma. Na kai gida in jira safiya in ɗauki hoton da Zainab ta ce. Kafin in dawo daga sallar asuba surukata ta shige da ita kicin tana tankaɗe a kai, ta ce wannan ta fi ta roba da muke da ita. Yanzu akwai tabon manja a gefe ɗaya. Har yanzu ban san ko bencin can ya kai dubu 40 ba, na dai koma na sake kallonsa da na je kafa shingen, yana nan ba a saya ba.

Dan_Misfala:
To taka an yarda a zauna ke nan. Rage farashi.

Zainab_Tasmim:
Kawu ka ɗauka haka nan da tabon, ka turo.

Hajiya_Ummu_Walid:
Ƙanena, ni ka yi mini biyu, amma ka ɗaga su kamar taki guda a kan ta gargajiya, gwiwoyina ba sa yarda da tsugunno yanzu. Nawa za ka bar mini? Kuma kada ka kira mini kuɗin baje koli.